Lissafin Dare

Lahadi, 12 ga Janairu, 2025

Daren jiya na sake yi. Ni ban sani ba, sai da gari ya waye na ga uwar yara ta dire mini koko da ƙosai ba ta ce uffan ba, idanunta jawur. Na ce, "Na yi ko?" Ta ce, "Ka yi, Malam. Har matar maƙwabci ta leƙo ta katanga tana tambaya ko ɓarayi ne suka shigo."

Shekarata 38, sana'ata ɗinki, shagona yana Kasuwar Barci a Tudun Wada, cikin garin Kaduna. Abokai har sun gaji da yi mini shaƙiyanci, wai mai shago a Kasuwar Barci amma barci ya gagare shi. Shekara tara ke nan da aurenmu, kuma ban san watan da ya kama ya ƙare ban tashe ta da ihu ba. Ga yadda take ba ni labarin kaina: ina kwance lafiya lau sai in zabura in zauna, ido a buɗe tar, in kurma ihu kamar wanda aka sa wa wuƙa. Gumi ya jiƙa ni sharkaf ko da a wannan sanyin hunturu ne, ƙirjina na dukan uku-uku. In ta kira ni ba na amsawa, in ta taɓa ni in fizge. Minti biyu, minti uku, wani lokaci biyar, sai in sulale in koma barcina kamar ba a yi ba. Ita ce ba ta komawa.

Abin da ke cin raina, ciwon a jikina yake amma ban taɓa ganinsa ba. Duk abin da na sani a kansa a bakinta na ji.

Yau na sayi littafi mai jan bango, irin wanda nake rubuta awon kwastomomi. Shawararta ce. Ta ce, "Kai da ba ka sa almakashi a shaddar mutum sai ka auna shi, don me kake ta shan magani ba ka taɓa auna ciwon ba?" Na rasa ta cewa. Mun raba aiki. Shafin hagu nata ne: ƙarfe nawa na kwanta, ƙarfe nawa na zabura, minti nawa na yi. Shafin dama nawa: abin da na ci da na sha, yadda na wuni, da abin da na iya tunawa da safe.

Alhamis, 16 ga Janairu

Bari in lissafa abin da na riga na gwada, don kada wani ya zo mini da shi a matsayin sabo. Rubutu na sha ba sau ɗaya ba. An yi mini rukiyya sau biyu. Malamin farko mutumin kirki ne, ya yi karatu har muryarsa ta dushe, da ya ga ban faɗi ba, ban sauya murya ba, sai ya ce shi bai ga alamar shafa a tare da ni ba, in je asibiti. Ko sisi bai karɓa ba. Ni kuma ban je ba. Na biyun ko gama sauraro bai yi ba ya ce aljana ce ta aure ni, ya haɗa ni da hayaƙi da wani turare, naira 40,000 suka tafi, hayaƙin ya bar wa ƙaramin yaronmu tari na mako guda. Wani mai kemis ya ba ni ƙwayar barci babu takardar likita. Kwana uku na sha, rana ta huɗu gyangyaɗi ya sa allurar keke ta huda mini yatsa, na watsar da ita.

Addu'ar kwanciya kuwa ban taɓa bari ba, ba kuma zan bari ba. Ayatul Kursiyyu, Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, in tofa a tafi in shafe jiki. Shi ya sa nake jin zafin mutumin da zai ji labarinka ya taɓe baki ya ce ai rashin azkar ne. Ka zo masa da ciwo ɗaya, ka koma da biyu.

Da yamma mun je gaishe da Hajiya. Ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari, don haka surukarta ta fuskanta ta yi maganar kamar ba na ɗakin. Ta ce, "Ai wannan tun yana shekara huɗu yake yi. Sai da ya kai bakwai ya bari." Ta ce ƙaninta ma, wato kawuna marigayi, da yaro ne sai an sa sakata a ƙofa, don cikin barci yake miƙewa ya nufi zaure. Ban taɓa jin wannan ba sai yau.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Kwana 21 mun cika. Mun baje littafin a tabarma bayan yara sun yi barci, muka jera shafi da shafi.

A nata shafin na firgita sau 7. Dukkansu tsakanin ƙarfe 12:20 da 1:15 na dare, wato awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi bayan na kwanta. Babu ko ɗaya da ya zo bayan ƙarfe biyu. A nawa shafin kuma na rubuta mugun mafarki sau 5, duk gab da kiran assalatu. Abin mamakin, dararen da na rubuta mafarki ita ba ta rubuta komai ba, don ba na ihu, farkawa kawai nake yi in yi tsuru a cikin duhu. Dararen da ta rubuta ihu kuwa, ni na tashi da safe ba na tuna ko da inuwar mafarki. Ashe shekara da shekaru abu biyu muke kira da suna ɗaya. Ni ina zaton mafarkin ne ke sa ni ihu, ita ma haka.

Wani abu kuma ita ta hango shi. A cikin darare bakwai ɗin nan, shida sun biyo bayan daren da na yi barcin da bai kai awa biyar ba, ko saboda ɗinkin biki ko hira a teburin mai shayi. Ta ɗora yatsa a kai ba ta ce komai ba. Ni ma ban ce ba.

Talata, 11 ga Fabrairu

Na je Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa. Yaran shago na ce musu zare za ni saya. Kowa a garin nan ya san sunan da ake kiran asibitin da shi a bakin titi, kuma ba na so a wayi gari kwastoma yana tunanin ko zai ba mahaukaci leshin matarsa. Da muka shiga sai na ga mutane ne kamar ni, wasu ma sun fi ni tsaf.

Likitan bai kalle ni sosai ba da farko, littafin ya karɓa ya karanta daga bango zuwa inda muka tsaya. Sannan ya juya wajen uwar yara, ita ya yi ta yi wa tambayoyi. Ina minshari? Numfashina na ɗaukewa a barci? Jikina na sandarewa ko na kakkafewa? Na taɓa cizon harshe ko fitsarin kwance? Ni kuma ya tambaye ni magungunan da nake sha, don wasu magungunan hawan jini da wani maganin zazzaɓin cizon sauro mai suna mefloquine sukan jawo munanan mafarkai. Ba na shan ko ɗaya.

Ga bayaninsa yadda na fahimta. Barci hawa-hawa ne, mutum yana nutsewa ya taso, ya sake nutsewa, kowane zagaye kamar minti 90. Barci mafi nauyi a farkon dare yake. A nan firgita take fitowa: wani sashe na ƙwaƙwalwa ya farka, wani yana can ƙasa, jiki ya tashi da tsoro amma mai jikin ba ya nan, shi ya sa babu abin tunawa. Ya ce an fi ganinta a yara, yawanci su bari da sun girma, tana bin jini, kuma a manya rashin barci da damuwa da zazzaɓi ne ke taso da ita. Shi kuwa barcin mafarki, wanda ido ke motsi a ƙarƙashin fata, ya fi yawa wajen asuba. A lokacinsa ƙwaƙwalwa kan kulle gaɓoɓi don kada mutum ya aikata abin da yake gani. In ka farka kafin kullin ya saki, shi ne dannau, ka ji an danne maka ƙirji, kana ji kana gani ba ka iya ɗaga yatsa. Wannan ma yakan same ni jefi-jefi, musamman in na kwanta rigingine.

Ya ce mata kada ta ƙara jijjiga ni ko yayyafa mini ruwa, don hakan na ƙara tsawaita abin, kuma ina iya kai mata duka ban sani ba. Ta kawar da abin da zai ji mini ciwo, ta yi magana ƙasa-ƙasa, ta jira. In ta iya ta ɗauke ni a waya. Ya rubuta mini gwajin da ake manna wayoyi a kai don a tabbatar ba farfaɗiya ba ce.

Ƙwaya kuwa bai ba ni ko ɗaya ba. Awa bakwai a kan katifa, lokaci ɗaya kullum, babu goro bayan azahar, babu shayin dare. Gaskiya raina ya ɗan sosu. Na tsallaka kogi, na bar aiki, a ce mini in riƙa kwanciya da wuri, maganar da Hajiya ke yi kyauta.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Ta ɗauke ni. Daƙiƙa 47.

Na kalla sau ɗaya a bayan gida, na rage murya. Hoton duhu ne, hasken tocila kawai. Ga wani mutum a zaune a tsakiyar gado, ya damƙi gidan sauro da hannu biyu yana ja, bakinsa a wangame, idonsa na kallon wani wuri bayan bango. Singiletina ce a jikinsa. Ihun bai dame ni kamar yadda na zata ba. Abin da ya karya mini zuciya muryarta ce daga bayan wayar, tana rawa, tana maimaitawa: "Ina nan, Malam. Gida kake. Ina nan." Daga yadda take faɗa ka san ba ranar ta fara ba.

Na mayar mata da wayar na ce sannu. Kalmar ta yi kaɗan, amma ita na samu.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Kwana takwas babu goron yamma. Kwana ukun farko kaina kamar ana sara da gatari. Ni da daushe ba ya rabuwa da aljihuna tun ina koyon aiki. Likita ya ce sinadarin kafeyin da ke cikin goro da shayi da Nescafé, bayan kamar awa biyar rabinsa na nan daram a jiki. Ke nan goron la'asar ɗina shi ke raka ni shimfiɗa. Mai shayin layinmu ya aiko yaro ya tambaya ko laifi ya yi mini.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Akwai abin da ya hana ni rubuta mafarkin kansa a littafin nan, sai dai in sa alama. Tun muna Islamiyya aka koya mana hadisin: wanda ya ga abin ƙi a barci ya yi tofi a hagunsa sau uku, ya nemi tsarin Allah daga Shaiɗan, ya juya kwanciya, kada ya ba kowa labari. To ga likita yana cewa mako mai zuwa in zo da shi a rubuce. Bayan sallar Juma'a na tsaya na tambayi limamin unguwarmu. Ya ce, "Kai da likita za ka buɗe wa jikinka in lalura ta kama, mafarkinka ne ba za ka buɗe masa ba? Abin da ake gudu yawo da shi majalisa-majalisa, kowa ya yi maka fassarar da za ta ƙara ɗaga maka hankali. Je ka nemi magani, ka kuma riƙe tofinka."

To ga shi. Yau shekara 25 cif da fara rikicin Fabrairun 2000. Ina da shekara 13, muna zaune a kudancin kogi, a gidan haya da muke tare da Kiristoci da Musulmi. Maƙwabcinmu Kirista ne ya ɓoye mu a ɗakinsa, daga baya ya fitar da mu. A cikin turereniyar gudu hannun ƙanina ya suɓuce daga nawa. Kwana biyu ba mu san inda yake ba, sai a bariki aka same shi cikin 'yan gudun hijira, lafiyarsa lau, har an ba shi burodi. Yana nan da ransa, yana sayar da wayoyi a Kano, ya yi tumbi. Bayan rikicin muka dawo Tudun Wada, kamar yadda dubban mutane suka yi ƙaura, waɗannan suka yi arewa da kogi, waɗancan suka yi kudu, garin ya rabu yadda yake har yau.

A mafarkin kullum muna kan gada. Ina riƙe da shi, hayaƙi a bayanmu, gadar tana ƙara tsawo, ƙafafuna kamar an ɗaura musu bulo. Sai in waiga in ga hannun riga kawai nake riƙe da shi, babu kowa a ciki. A zahiri ba a kan gada muka rabu ba, kuma rigar da ke jikinsa ran nan mai gajeren hannu ce. Mafarki bai damu da wannan ba.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Gwajin kai ya fito, babu alamar farfaɗiya. Alhamdu lillahi.

An haɗa ni da wata ma'aikaciya da ke zama da masu damuwa. Ta karanta mafarkin, ta ce in sake ɗinka shi. Wai in sauya shi yadda na ga dama, in rubuta sabon, sannan kullum da rana, ido biyu, in zauna minti 10 zuwa 20 ina kallonsa a zuci har ƙwaƙwalwa ta saba da sabuwar hanya. Ta ce hanya ce sananniya da ake bi da masu maimaita mafarki ɗaya, har da sojojin da suka dawo daga yaƙi. Na ji abin kamar wasan yara, amma na yi.

Sabon nawa: muna kan gada da rana tsaka, Keke Napep na wucewa, mai rake na gefe. Na waiga, sai ga ƙanina da girmansa da tumbinsa, cikin kaftanin da na ɗinka masa bara, yana cewa, "Yaya, sakar mini hannun riga mana, za ka ɓalle mini ɗinki." Da na karanta mata sai da ta yi dariya.

Lissafin Fabrairu: firgita 4, mafarki 4.

Lahadi, 9 ga Maris

Azumi ya kama tun ran 1 ga wata. Makon farko lafiya: asham, kwanciya ƙarfe 10:30, sahur, ƙailula bayan azahar a bayan kanta. Firgita ɗaya tak. Amma shaddodi sun fara taruwa har sun kai rufi, kuma bakina bai iya cewa a'a ba.

Litinin, 24 ga Maris

Da hannun hagu nake rubutun nan, a yi haƙuri da shi.

Duk wanda ya san tela ya san goman ƙarshe. Kwana biyar ban kwana a gida ba. Mu sha ruwa a shago, mu hau keke, janareta na ruri, in an tafi tahajjud mu je mu dawo mu ci gaba har sahur. Barcin awa uku ma sai an yi sa'a. Goro ya dawo aljihu, ban ma san ranar da ya dawo ba. Daren Asabar wajen ƙarfe ɗaya na ce bari in ɗan miƙe bayana a kan tarin yadi.

Abin da na sani na gaba, ina tsaye a bakin taga, hannuna na dama na zubar da jini, gilashi a warwatse a ƙasa. Yaran shagona biyu sun tsere waje babu takalmi, na ukun ya maƙale a lungu yana karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi yana kuskure. Suka ce na zabura na yi ihu, na ture teburin guga, na kai wa taga naushi. Allah Ya tsare almakashi na can gefe. An kai ni wani ƙaramin asibiti, ɗinki huɗu. Mai ɗinkin ya tambayi sana'ata, da na faɗa ya ce to in duba ko layinsa ya miƙe.

Asirin da na rufe shekara da shekaru ya tonu a dare ɗaya. Kafin azahar duk layinmu an ji. Masu jaje suka yi ta zuwa, kowa da malaminsa, kowa da saiwarsa, wani har da lambar waya. Sai can da la'asar wani dattijo mai aikin wuyan babbar riga, wanda shekara goma muke gaisawa ba mu taɓa hira ba, ya zauna kusa da ni ya yi shiru, sannan ya ce shi ma matarsa ta sha fama da shi a kan irin wannan, har yanzu a ƙasa yake shimfiɗa. Bai ba ni magani ba. Ya ce Allah Ya sawwaƙe, ya tashi. Duk cikin masu jajen shi ne na ji daɗin zuwansa.

Lahadi, 30 ga Maris

Sallah. Mutum uku ban gama musu kaya ba, ɗaya ya zage ni ta uwa ta uba, kuma yana da gaskiya. Lissafin Maris: firgita 11, mafarki 6. Darare biyar na shago ba su ma shiga lissafi sosai ba, don mai rubutawa ba ta wurin.

Talata, 8 ga Afrilu

Likita ya dubi hannun, ya dubi littafin, bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya ce barci bashi ne, in ka ci sai jiki ya karɓa, kuma da barci mai nauyin gaske yake karɓa, wato daidai ramin da firgita ke fitowa. Duk daren da na kwana a kan keke, na sayi ihun gobe da kuɗina.

Wannan karon ya rubuta mini clonazepam, ƙaramin awo, na mako biyu kacal, ya ja kunnena cewa tana kama jiki in aka daɗe a kanta, kada in kuskura in je kemis in ƙara. Ya kuma kawo wata dabara da aka fi yi wa yara: tunda abin yana da lokacinsa, a riƙa taɓa ni minti 15 zuwa 30 kafin lokacin, in ɗan farka in amsa, in koma. Mun sauke katifa ƙasa, mun fitar da madubi, ƙofa da sakata sama da ƙasa.

Asabar, 26 ga Afrilu

Dabarar tashin ta yi aiki, amma na dakatar da ita, ga dalili.

Dare tara tana yi. Ni in kwanta ƙarfe 10:30, ita ta zauna da waya a hannu tana jiran 11:30 ta taɓa ni. In ce "na'am", in juya, ban ma san na yi ba. Ita kuma sai ta kasa barci tana jira ta ga ko zai zo, har ƙarfe ɗaya, ga zafin Afrilu, ga an ɗauke wuta, ga tashin asuba da shirya yara makaranta. Ran Alhamis na dawo da rana ɗaukar tef na same ta a zaune a kicin ta jingina da bango tana barci, wake na ƙonewa a kan risho. Na tsaya ina kallonta. Wata uku ina lissafin awannin barcina kamar kuɗin banki, ban taɓa tambayar nata ba. Da na tambaya ta yi murmushi ta ce tun amarci kunnenta ɗaya ba ya barci.

Yanzu waya ce ke tashina, na sa ta a kan girgiza a ƙarƙashin matashi. Sannan dare biyu a mako, Litinin da Alhamis, ɗakin yara take kwana, ta rufo ƙofa, kome ta ji kada ta fito sai in ta ji faɗuwar abu. Da ƙyar ta yarda. Wata 'yar'uwata ta ji labari ta fara cewa ko lafiya muke raba ɗaki, na ce lafiya ce ta kawo haka. Na buɗe sabon layi a shafin dama: awannin barcinta.

Lahadi, 11 ga Mayu

Afrilu: firgita 3, mafarki 3. Na gama ƙwayar tun tuni, ban nemi ƙari ba.

Ruwa ya sauka, gari ya yi sanyi, barci ya yi daɗi. Daren Juma'a gadar ta zo. Ba yadda na rubuta ta zo ba, babu mai rake, babu tumbi, hayaƙin ma yana nan. Amma da na waiga akwai hannu a cikin rigar. Na farka gabana na faɗuwa kamar kullum, na yi tofina, na juya, kuma a karon farko na koma barci kafin kiran salla. Sau biyu kafin wannan ta zo a tsohuwar kamarta, don haka ba na cika baki. Na kira ƙanina da safe ba tare da dalili ba, ya ce ko kuɗi nake nema.

Alhamis, 22 ga Mayu

Daren jiya wajen ƙarfe 10, ina shirin kwanciya, ihu ya tashi daga ɗakin yara. Ƙaraminmu ne, mai shekara biyar, wanda ya wuni da zazzaɓi kuma bai yi barcin rana ba. Na riga uwarsa shiga. Yana zaune a kan katifa, ido a buɗe, gumi a goshi, yana kallon bayan kafaɗata yana kururuwa. Na ce, "Ga Abba, ga Abba," ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba.

Hannuna har ya tafi zai ɗauke shi ya girgiza. Ita ta riƙe mini wuyan hannu. Muka durƙusa a gefensa, na janye kwalbar ruwa da ke kusa, na ji bakina yana faɗin abin da na ji a wayarta: ina nan, gida kake. Na duba agogo don hannuna ya sami abin yi. Minti uku da 'yan daƙiƙu. Wallahi na ɗauka rabin awa ne. Sai ya yi ajiyar zuciya, ya kwanta, ya sa yatsa a baki.

Ni ban runtsa ba sai bayan ƙarfe biyu. Da safe ya tashi yana neman shayi da burodi, na tambaye shi ko ya yi mafarki, ya ce a'a. Uwarsa na jin mu daga bakin murhu, ta ɗago ta dube ni, ta ci gaba da fifita wuta.

Na gaya wa likita ta waya. Ya ce a yaro mai wannan shekaru ba abin tashin hankali ba ne, a yi maganin zazzaɓin, a tsare masa lokacin barci, in ya yawaita a kawo shi. Na ware masa shafuka biyar a ƙarshen littafin.

Lahadi, 15 ga Yuni

Babbar Sallah ta wuce ran 6 ga wata. Wannan karon kaya 40 na karɓa na rufe littafin awo, saura kwana goma. Na mayar da mutane da yawa, har da wani alhaji da ya shekara shida yana kawo mini ɗinkin gidansa gaba ɗaya, ya tafi da fushi kuma ban ga alamar zai dawo ba. Ragon bana ƙarami muka yanka. Ƙarfe tara nake kashe janareta, yaran shago su yi ta gunaguni don su ma kuɗin kwana suke so.

Mayu: firgita 2, mafarki 2, dannau 1. Yuni zuwa yau: firgita 1, a daren jajibere, ban bar katifa ba. Yaron bai sake yi ba. Barcinta a mako biyun nan yana kaiwa awa shida, ran Litinin da Alhamis har bakwai.

Jan littafin saura ganye uku. Na aiki yaro ya sayo wani, ya dawo da mai shuɗin bango, wai ja ya ƙare. Komawa asibiti ran 8 ga Yuli.